Alƙalan Tabarma: Hilu-mur a Ƙauyukan Hausawan Jazira

Tun daga tsakiyar watan Rajab ake fara ganin alamar azumi a ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, daga Mai Wurno da ke kudu da Sinnar har zuwa kanabi, wato tungayen ma'aikata da ke warwatse a gonakin Jazira. Alamar kuwa jiƙaƙƙun buhuna ne a shimfiɗe cikin inuwa a bayan ɗaki, dawa tana tsiro a ƙarƙashinsu. Safe da yamma uwargida za ta yayyafa ruwa, ta ɗaga gefen buhu ta leƙa, ta mayar. An ja wa yara kunne, an kore kaji. Cikin 'yan kwanaki dawar ta fitar da saiwa ta sarƙe da juna, sai a baje ta a rana har ta bushe ta yi ja. Mutanen Sudan suna kiran wannan tsiro zirri'a, kuma da shi ake yin hilu-mur, abin shan da in babu shi a wurin buɗa-baki, Basudane bai yarda an sha ruwa ba.

Kakanninmu ba su zo da shi daga gida ba. Jama'ar da ta biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, a Burmi a 1903, har ta yada zango a bakin kogi a 1906, fura da kunu da koko ta sani. Haka ma ayarin maniyyata da suka yi ta bin hanyar ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafiya suna noma, suna tara guzurin tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka saki ruwa cikin magudanan Jazira, gonar audugar da Turawan Ingila suka shimfiɗa tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu ta nemi hannaye fiye da waɗanda ke wurin. Matafiya da yawa suka sauke kaya da niyyar tsintar auduga ta kaka guda, su ƙara guzuri su wuce. Jikokin jikokinsu suna nan har yau.

Sai dai tsiro ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushiya. Duk mai yin kunun zaƙi ta san cewa in aka zuba garin tsiro a dammammen kunu mai kauri, zai saki ya tsinke, ya yi zaƙi tun kafin a kawo sukari. Wannan sani ne matanmu suka riƙe a hannu lokacin da suka fara zama gefen murhun maƙwabtansu Larabawa, shi ya sa ba su daɗe suna kallo ba.

Dawar da aka fi so ita ce fatarita, mai farar ƙwaya, wadda tsironta ke ba da jan launin da ake nema. A niƙa tsiron daban, a niƙa dawar da ba ta tsira ba daban. Ranar da ake kira kojan, a ɗora babbar tukunya ko rabin duro a murhu, a dama garin da bai tsira ba har ya yi kauri, mata biyu ko uku suna karɓeɓeniyar muciya saboda nauyinsa. In ya ɗan huce sai a zuba garin tsiro, nan da nan abin da ya gagari hannu ya saki ya zama ruwa-ruwa. Daga nan sai kayan ƙamshi, kuma a nan kowane gida yake da abin da yake ɓoyewa: citta, kirfa, habbahan, hulba, habbatus sauda, tsamiya, zoɓo, wasu har da dabino. Wata tana son citta ta fito fili, wata tana ganin hulba in ta yi yawa sai ta danne sauran. A rufe ƙullun a bar shi ya kwana, ya ƙara kwana, gwargwadon zafin gari.

Gwanintar duka tana cikin wannan jira. A cikin ƙullun akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ido ba ya gani, dukkansu suna cin sukarin da tsiro ya fitar daga sitacin dawa. Iri na farko yana mayar da shi tsami, irin tsamin nono, kuma shi ke fara aiki. Iri na biyu, dangin yis, yana mayar da shi barasa, kuma yana ƙara ƙarfi ne in an bar ƙullun ya daɗe. Tsofaffinmu ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san lokacin da ɗaya ke miƙa wa ɗaya. Amaryar da aka kawo gida a shekarar, a nan take fara ɗaukar darasi wurin uwar mijinta.

"'Yar nan, sa yatsa ki ɗanɗana."

"Inna, ya yi tsami."

"A harshe ya tsaya, ko ya hau hanci?"

"A harshe yake, Inna."

"To hura wuta. In ya hau hanci an makara."

Ranar tuya, wadda ake kira awasa, gayya ce ta mata. A kafa doka, faifan ƙarfe mai faɗi, a kan wutar icce, a shafa masa mai, a zuba ƙullu da ludayi, a baje shi da gargariba, ɗan yankin ganyen dabino da ake riƙewa da yatsu. Ya ɗan yi kama da tuyar sinasir, sai dai wannan ya fi faɗi, ya fi siranta, kuma ana barin sa ya yi ja mai duhu kafin a naɗe shi a ɗauke. Wutar tana yin aiki biyu: tana ƙona sukarin har ya ba da launi da ɗan ɗacin nan da ake so, tana kuma kore ɗan abin da yis ya fara tarawa. Mai tuya tana zaune cikin hayaƙi tun hantsi har la'asar, idanu sun yi ja, 'yan'uwa suna karɓar ta, ana zagayawa da gahawa a jabana, butar dafa ta. Yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, har Sha'aban ya ƙare. Wanda ya taɓa shiga ƙauyen Jazira a wannan wata ya san ƙamshin tun daga bakin gari. In naɗaɗɗun sun bushe sai a jera su a kwali. A azumi, da azahar a kakkarya kaɗan a jiƙa, da la'asar a tace, a sa sukari, a ajiye kusa da randa ya yi sanyi.

Gasa ce, ko da yake babu mai shelanta ta. Zagayen farko na mata ne su kaɗai. Kowace ta gama tuya sai ta aika wa maƙwabta da dangi naɗi biyu ko uku, wai ɗanɗano. Wadda aka kawo wa za ta ɗaga shi a haske, ta karya gefe ta sunsuna, ta tauna kaɗan. In ya yi baƙi, wuta ta yi yawa. In ya yi fari-fari, tsiron bai nuna ba ko an yi rowarsa. In ya yi danƙo bai karye ba, bai bushe ba, kuma zai yi fumfuna kafin goma ta tsakiya. Ba za ta aika da hukuncinta ba, godiya kawai za ta aika, amma kafin a ga wata an riga an san a unguwa gidan da hannunsa ya faɗa daidai a bana.

Zagaye na biyu a waje ake yin sa. A ƙauyukan Sudan maza ba sa buɗa baki a cikin gida. Kafin magariba a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko a filin masallaci, kowane yaro ya fito ɗauke da tiren gidansu: asida da miya, dafaffen wake da suke kira balila, dabino, da jug ko bokiti na abin sha. A ƙauyukan da ke kan titin Kartum zuwa Wad Madani har tare hanya ake yi, dattawa su tsaya tsakiyar kwalta su miƙe rawani, direban bas ya tsaya dole, a sauke fasinjoji a zaunar da su. Da ladan ya kira, jug goma ko fiye suna jere, zoɓo da tsamiya da kuka suna nan, amma hannu hilu-mur yake fara nema. Tun da an gauraya tirori, mai sha bai san na wa ya ɗauka ba, kuma mutumin da ya wuni yana ban ruwa a gona cikin zafin Jazira ba ya yi wa harshensa ƙarya. Zai kurɓa, ya yi shiru, in abin ya yi masa ya miƙa kofi a ƙara. Wani lokaci dattijo ya ɗaga kai.

"Kai, wannan na gidan wa ne?"

"Na gidanmu ne, Baba."

"Ka ce wa gyatumarka Allah ya yi mata albarka."

Iyakar kyautar ke nan, kuma yaron da gudu yake kai ta gida. Sauran hukuncin jug ne ke ɗauke da shi. In tire ya dawo bayan magariba, abin da uwargida ke fara dubawa shi ne ko jug ya dawo wayam ko da saura. Wadda nata ya yi ta dawowa da rabi dare bayan dare ta san abin da aka faɗa mata, ko da ba wanda ya buɗe baki. Ni dai ina ganin wannan alƙalanci ya fi na takarda adalci, domin dare talatin ake yin sa, kuma baƙon da aka sauke daga mota, wanda bai san kowa ba, yana da ƙuri'a daidai da ta mai unguwa.

A wasu ƙasashe irin wannan gwaji ya zama hukuma. A Amurka, bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978 kan dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa, masu wannan sha'awa sun fara gasar ƙasa a 1979, a 1985 kuma aka kafa shirin horar da alƙalanta. Mai shiga gasa yana aika kwalabe da lamba, ba suna, alƙali ya ba da maki cikin 50: ƙamshi 12, kyan gani 3, ɗanɗano 20, yadda abin ke zama a baki 5, ra'ayinsa gaba ɗaya 10. Abin da suke sha haramun ne a wurinmu, amma jerin abubuwan da suke dubawa shi ne jerin da tsohuwa a Mai Wurno take bi da hanci da ido da harshe, har da ɓoye sunan mai abu.

Kawo maganar giya a nan ba ratse ba ne, domin hilu-mur yana da ɗan'uwa na jini wanda ba a son ambata a zaure. Marisa, giyar dawa ta Sudan, daga zirri'ar nan take fitowa. A tsamar da ƙullu, a tuya wani kaso har ya yi duhu, a gauraya da garin tsiro da ruwa a bar shi ya taso, a dafa sauran a haɗa, a jira wasu sa'o'i, a tace da ƙyalle, dusar a ba dabbobi. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Kartum ya bi waɗannan matakai dalla-dalla a littafinsa na 1993 kan abincin Sudan da ake tsamarwa, kuma duk wanda ya san burukutu a ƙauyukan Maguzawa zai gane hanyar. A Darfur da Duwatsun Nuba mutane da dama suna ɗaukar marisa a matsayin abinci, da ita ake ciyar da 'yan gayyar noma. Ma'aikatan da suka zo Jazira daga can sun zo da ita, kuma a kanabi da yawa katangar kara ce kawai ta raba gidan mai tace marisa da gidan alaramma. Zuriyar masu hijira don addini ta tsaya a kan hukuncin malamanta na Malikiyya, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saboda haka tambayar da suruka ke yi, a harshe ko a hanci, tambaya ce ta ɗanɗano kuma ta fiƙihu a lokaci guda. Macen da ta bar jiƙaƙƙen hilu-mur da sukari ya kwana ya wuni cikin zafi, ta fitar da shi yana kumfa, abin da za a faɗa a kanta ya wuce rashin iya girki. Irin wannan gardama tana sake tashi a Babbar Salla game da sharbot, ruwan dabinon da ake jiƙawa don ya sauƙaƙa nauyin nama, inda kowane gida ke da ra'ayinsa kan kwana nawa ya halatta a bar shi.

Hukuma ma ta sha shiga tsakanin mutane da tukunyar tsiro. Mahadin Sudan ya haramta marisa da taba a zamaninsa, da bulala a kan mai sha. Turawa suka bar gidajen marisa, waɗanda ake kira indaya, suna aiki da lasisi. A watan Satumba na 1983 Shugaba Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin shari'a, aka zubar da kwalaben barasa cikin Nilu a Kartum, masana'antar giya ta Kartum Bahri ta daina aiki. Dokar laifuffuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha, sai a watan Yuli na 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Ban da ja a kan haramcin. Abin da ke damuna shi ne wanda sandar ta fi sauka a kansa cikin waɗannan shekaru: matan da yaƙi da fari suka koro daga Kudancin Sudan da Duwatsun Nuba, masu ciyar da marayu da tukunya ɗaya, su ne suka cika kurkukun mata na Omdurman, alhali mai kuɗi yana sha a bayan katangarsa lafiya lau. Matanmu da suka zauna da irin waɗannan mata a kambo ɗaya, wato tungar ma'aikata ɗaya, suna aron rariya da turmi, sun san haka sarai, kuma da wuya ka ji suna zagin su.

Ba karɓa kawai Hausawa suka yi ba. Godo-godo, damun gero da nono da citta wanda ɗan'uwan fura ne, daga hannun matanmu ya shiga kasuwannin Sudan, har ya kai mutanen da ba su jin Hausa ko kalma ɗaya suna tsayawa wurin mai ƙwarya suna neman a ƙara musu yaji. Agashe kuwa, tsiren da ake barbaɗa wa ƙuli da barkono, ya zama abincin maraice a biranen ƙasar. A tabarmar buɗa-baki ta garin da aka cakuɗa, godo-godo da hilu-mur gefe da gefe suke zama.

Wannan yana da nauyi in aka tuna yadda takarda ta ɗauki mutanen nan. Dokar 1948 da ta fayyace wane ne Basudane ta ɗaura abin a kan zaman kakanni a ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar mutanen Burmi da maniyyatan da suka biyo bayansu a waje. Iyalai da yawa sun yi shekaru suna noma hawashar wani, wato gonarsa, bisa rabo, suna zaune a kambo babu takardar fili, ana kiran su Fallata ko Takari da murya mai nuna cewa baƙi ne. A watan Yuli na 2022, da kuma Oktoba na shekarar, rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu, a yankunan Rusairis da Wad al-Mahi, ɗaruruwa suka rasu, dubun dubata suka bar gidajensu. Maganar da aka yi ta jifan su da ita ita ce ba 'yan ƙasa ba ne. Duk lokacin da na ji ta, nakan tuna cewa an yi shekara da shekaru dattawan waɗansu ƙabilu suna miƙa kofi a ƙara musu daga jug ɗin Bahaushiya, suna sa mata albarka, ba su tambayi shekarar da kakanta ya tsallako ba.

Tun kafin bindiga ta yi magana gasar ta fara sanyi. Daga shekarun 1970 samari suka yi ta tafiya Saudiyya da ƙasashen Gulf neman aiki, kwalin hilu-mur ya zama abin da uwa ke aika wa ɗanta a ƙetare, su kuma suna dawowa da gwangwanayen Tang da kuɗin firji. Garin lemo ba ya son hayaƙi ko gayya, kuma yara sun fi son sa. Icce ya yi tsada. Ita kanta gonar Jazira, mai faɗin feddan kusan miliyan 2, ta yi ta lalacewa, magudanai suka cike da laka da ciyawa, dokar 2005 da ta sakar wa manoma zaɓin abin shuka ba ta gyara ban ruwa ba. Matan gari suka koma sayen naɗaɗɗen hilu-mur a kasuwa, wanda ya zama sana'a mai kyau ga gwanayen ƙauye, amma jug ɗin da aka cika da na kasuwa ba ya ɗauke da sunan kowane gida.

Sai yaƙin da ya fara a Afrilun 2023. Dakarun RSF masu yaƙi da sojan gwamnati suka shiga Wad Madani a Disamba na shekarar, suka kama Sinja a Yunin 2024. Soja ya ƙwato Sinja a Nuwamba, ya ƙwato Madani a Janairun 2025, kuma a wancan lokacin ne aka kai wa mazauna wasu kanabi hare-hare bisa zargin sun goyi bayan RSF. Azumin 2024 ya samu yawancin Jazira a hannun RSF, iyalai sun watse zuwa Gadarif da Kasala da inda ƙafa ta kai. Hilu-mur kuwa ba abin mai gudu ba ne. Yana son dawa a rumbu tun Rajab, da inuwar da za a shimfiɗa buhu mako guda ba a taɓa ba, da injin niƙa mai aiki, da icce, da mata biyar ko shida da suka san juna suka yarda su ba da yini.

Waɗanda suka koma gida sun sake kafa doka, kuma tsofaffin da suka rage ba su sassauta ma'auninsu ba. Ƙorafinsu a kan na yanzu a fili yake: ana tsirar da kowace irin dawa aka samu, ana cika zoɓo don a rufe rashin jan tsiro, ana gaggauta ƙullu kwana ɗaya saboda kasuwa tana jira, kuma citta ta yi tsada har an fara auna ta da cokali. In aka kawo wa irin wannan tsohuwa ɗanɗano, har yanzu sai ta ɗaga shi a haske, ta karya, ta tauna, sannan ta tambayi 'yar aiken wace dawa aka yi da shi da kuma kwana nawa ƙullun ya yi.